Yadda ake bin sawun kalmar "schaak" har zuwa gidan sarkin Farisa

Mutanen Holan suna kiran wasan ces, darar nan mai sarki da doki da giwa, da sunan schaak. Ga yadda za ka tono asalinta da kanka.

Da farko, ka furta ta daidai, don kunne yakan kama abin da ido ya tsallake. Haruffan "sch" ba "sh" ba ne a Holanci. "S" ce, sai wata ƙara daga maƙogwaro irin ta "kha" ɗin Larabci.

Na biyu, ka nemi tsohuwar siffarta a babban ƙamusun Holanci da ake kira WNT, wanda aka fara fitarwa a 1864 aka kammala a 1998. Tsofaffin rubuce-rubuce suna da "scaec".

Na uku, ka leƙa maƙwabta. Jamusawa suna cewa Schach, Faransawa échecs, a tsohon Faransanci kuma eschac. Duka jirgi ɗaya ya kwaso su, kuma kalmar Holanci ta biyo ta Faransanci ne.

Mataki na huɗu ya fi daɗi: ka bi hanyar da wasan ya bi. Daga Indiya ya je Farisa, Larabawa suka karɓe shi bayan sun ci ƙasar a ƙarni na 7, suka kai shi Andalus, yankin Sifaniya da Musulmi suka mulka. Sunansa a bakinsu shaɗaranj, kuma shi ne ya zama ajedrez a Sifaniyanci. Amma Faransa da Holan ba su ɗauki wannan suna ba. Abin da suka tsinta shi ne gargaɗin da ɗan wasa yake yi idan ya ritsa sarkin abokin karawarsa: "Shah!", wato sarki da Farisanci. Ihun tsakiyar wasa ya zama sunan wasan baki ɗaya. Haka schaakmat, ƙarshen wasa, daga "shah mat" take. Bahaushe zai ji kamar "mutu", da yawa ma suna fassara ta da "sarki ya mutu", amma masana da dama sun ce a Farisanci tana nufin sarki ya rasa mafita.

A ƙarshe, ka kiyayi tarko, kama da wane ba ta wane ba ce. A Holanci schaken na nufin buga ces, amma akwai wata schaken mai nufin sace mace a gudu da ita. Rubutu ɗaya, furuci ɗaya, amma wannan daga tsohuwar kalmar fashi ta kakannin Jamusawa da mutanen Holan ta fito, ba ruwanta da Farisa.