Kurakuran da malaman kwaleji ke yi wajen horar da masu koyar da ƙananan yara

Duk wanda ya taɓa leƙa ajin masu koyon renon yara da iliminsu a kwalejojin ilimi na Kano ya san yadda yake. Benci a cike, yawanci mata, wata har da goyo, malami na tsaye gaban allo yana bayanin cewa ɗan shekara huɗu da wasa yake koyo. Sai a shafe awa biyu ana zancen wasa ba wanda ya motsa daga mazauninsa. Wannan ne uban kurakuran. Ɗaliba yadda aka koyar da ita haka take koyarwa, shi ya sa ranar da aka damƙa mata ajin nazare za ta ɗauki alli ta ce "ku maimaita", yara su yi ta rera A B C har a kaɗa ƙararrawa.

Maganinsa a rage lakca. A ture bencina gefe, a shimfiɗa tabarma, ɗaya ta zama malama, 'yan kaɗan su zama yara. Wannan gajeren gwaji a jami'ar Stanford ta Amurka aka fara shi a 1963, kuma yana cikin manhajar NCE, wato karatun shaidar malanta da kwalejojin ilimi ke bayarwa, sai dai mun yanke masa wutsiya. Asalinsa ɗaliba ta koyar na 'yan mintuna, a yi mata gyara, sannan ta sake koyar da darasin nan dai. Mu kuwa da ta gama sai a rubuta maki a kira ta gaba. Amfanin ai a maimaicin yake. Idan ɗalibai sun yi yawa, a kasa su rukuni-rukuni su riƙa yi wa juna gyara, malami yana zagayawa.

Sai mayar da masana abin hadda. Ɗaliba za ta zayyano maka cewa Froebel ya raɗa wa makarantarsa suna kindagatin a Jamus a 1840, Maria Montessori ta buɗe tata a Rum a 1907, Piaget ya ware wa shekara 2 zuwa 7 matakinsu na tunani. Tambaye ta abin da za ta yi da wannan haddar a aji ranar Litinin da safe, sai ta yi shiru. Gara a ba ta aikin gida: ta zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu a gaban ƙanenta ɗan shekara huɗu, ta juye ɗaya cikin doguwar kwalba, ta tambaye shi wanne ya fi yawa, ta rubuto abin da ya faɗa da bakinsa. Wadda ta ji yaro ya dage cewa na kwalba ya fi, ba za ta ƙara dukan ɗan wani don ya kasa lissafi ba. Af, a riƙa gaya musu kuma cewa Montessori da 'ya'yan talakawa ta fara, a wata unguwar marasa galihu, don a garin nan sunan ya koma ado a allon makarantun kuɗi.

Batun harshe shi ma ana yi masa riƙon sakainar kashi. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankin da yake, amma ɗaliba takan gama shekara uku ba a taɓa sa ta ta ba da tatsuniya a gaban aji an ba ta maki a kai ba. Waƙoƙin Turanci kaɗai take haddacewa, wasu ma ba ta san ma'anarsu ba. Gaskiya ne iyaye da masu makarantu Turanci suke nema, kuma dole a koya mata yadda za ta shigo da shi ta baki, da hoto da motsin jiki. Amma "ga ta nan ga ta nan ku", da kacici-kacici, da waƙar gaɗa, su ne ke buɗe bakin yaro. A tuna mata kuma cewa yawancin yaran suna zuwa Islamiyya ko makarantar allo, inda rubutu daga dama yake farawa. Idan yaro ya faro layi ta dama, ba daƙiƙanci ba ne, nuni yake buƙata. Wadda aka tura Sabon Gari kuwa za ta tarar da yaran da ba Hausa ake yi a gidajensu ba.

Kayan koyarwa nan ma akwai gyara. An saba ɗaliba ta sayi kwali ta kai wa mai zane, ta kawo shi fes, ta sami maki. Yaro bai taɓa shi ba, bai koyi komai ba. A ce ta tara murafen kwalba, da gwangwanin madara, da ƙyallayen da teloli ke zubarwa, da kara da yumɓu, kuma makin ya rataya a kan abin da yara suka yi da su. A dai ja kunne: ƙananan abubuwa irin ƙwallon dabino ba na 'yan ƙasa da shekara uku ba ne, baki suke kaiwa.

Inda aka fi sakaci shi ne duba ɗalibai lokacin aikin koyarwa na gwaji. Malami ya taso daga Kumbotso zuwa Dakata cikin cunkoso, makarantu da yawa na jiransa, sai ya karɓi littafin tsara darasi, ya duba rubutu, ya sa hannu, ya wuce. Littafin nan a ofis ma ana iya duba shi. Abin da ya kawo ka shi ne ka zauna a bayan aji ka zuba wa yaran ido: su wa ke magana, wa aka manta da shi a lungu, me malama ta yi da wani ya fashe da kuka ko ya ce zai yi fitsari, ina bulala take. Takardar manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 25, ita kuwa tana iya samun ninkin haka, don haka a duba ko ta iya raba su gida-gida da waƙar da za ta dawo da hankalinsu. Gyara kuma ba a gaban yara ba. A jira a tashi tara, a ja ta gefe, a fara da abin da ta yi daidai, a ba ta abu ɗaya ko biyu da za ta sauya, a faɗa mata ranar da za a dawo a gani.