Darasi na Tara: Mi ya sa waya ke ɓatar da rubutunka in ka fita ka dawo?

Iyayena da yayyena, darasin yau ya taso ne daga abin da ya samu wani dattijo a ajinmu na yamma nan Ƙofar Ƙaura. Shina cike fom a wayarsa, ya sa suna, ya sa unguwa, da ya zo wajen lambar katin ɗan ƙasa sai ya fita ya buɗe hoton katin don ya kwafo, ana cikin haka kira ya shigo ya amsa, ko da ya dawo wallahi fom ɗin wayam kamar bai taɓa rubuta komai ba. Ya ce mani, Malam, ni na taɓa wani wuri ne? Na ce a'a Baba, ba laifinka ba ne. Abin ya tsaya mani a rai, don na ga irin wahalar da ya sha shina harhaɗa baƙaƙen nan ɗaya bayan ɗaya.

Waya tana da ma'aji iri biyu. Akwai rumbu, inda hotuna da waƙoƙi ke zama ko an kashe waya. Sai kuma wanda ake ce ma RAM, shi kamar tabarmar zaure ne, duk manhajar da ke aiki a kai take zama. Ƙananan wayoyin da yawancinmu ke riƙewa tabarmar tasu giga 2 ce ko 3, ba faɗi. In ka bar manhaja ka shiga wata, ta farkon ba ta tashi ba, tana nan gefe ta yi shiru. To in babban baƙo ya shigo irin kyamara ko bidiyo kuma wuri ya ƙare, sai Android, wato tsarin da ke tafiyar da waya, ya tashi waɗanda aka daɗe ba a waiwaya ba.

Kuma tashin nan babu sallama. Kamar ɗauke wuta ne, ba a ce maka kammala guga tukuna.

Nan masu haɗa manhaja ke shan fama. Kowa shina so manhajarsa ta yi 'yar shara kafin ta mutu, ta adana rubutun mutum, ta rufe fayil, ta goge tarkacen wucin gadi, ta sanar da can intanet cewa ta fita. A Android akwai wurin da aka tanada ma wanga aiki mai suna onDestroy, amma su Google, masu Android, da kansu sun gargaɗi masu haɗa manhaja kada su dogara da shi wajen adana bayani, don waya na iya kashe manhaja ba ta bi ta kansa ba. A iPhone ma haka, in ka fita daga manhaja ana ba ta 'yan daƙiƙu kamar 5 ta kintsa sannan a daskarar da ita, in aka kashe ta a haka ba wanda zai gaya mata. Shi ya sa gwani ke sa manhajarsa ta adana komai tun lokacin da ta bar fuskar waya, in an sake buɗe ta kuma ta fara duba ko akwai dattin jiya ta share. Kamar mai shago ne da ke rubuta bashi a littafi nan take, ba ya jira sai dare ya ce zai tuna. Ni a gani na duk manhajar da ta zubar da rubutun dattijo saboda ya amsa kira, mai haɗa ta ne bai yi aikinsa ba.

Don tattalin batir ma an ƙara matse manhajoji, tun Android 6 a 2015 waya ke yin barci in an ajiye ta, Android 8 a 2017 kuma ya rage sosai aikin da manhaja ke yi a ɓoye bayan ka fita daga cikinta. Wadda ke aiki mai muhimmanci, irin sauraren karatu ko tura bidiyo, za ka ga ta sa sanarwa a saman waya, ita ba a saurin tashinta.

To mi za mu yi? Kafin ka fara cike fom, kwafi lambobinka a takarda da biro, ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, har rubutu ka gwada. In akwai wurin adanawa danna shi kafin ka fita. In kana tura kuɗi kada ka fita, kada ka share manhajar daga jerin waɗanda ke buɗe sai ka ga shaidar ya tahi, in kuma ta mutu a tsakiya don Allah duba tarihin asusunka kafin ka sake turawa, kada kuɗi su fita sau biyu.

Aikin gida: buɗe manhajar da kake rubutu a ciki ka rubuta layi 3, ka fita ka ɗauki bidiyo na minti 2, ka buɗe wasu manhajoji 4, sannan ka dawo. Rubuta a littafinka ko ka tarar da rubutun ko babu, da sunan manhajar, ka zo mana da shi aji na gaba.