Kafin ki miƙa wa ɗan nazare waya da sunan koyon lissafi

Toh iyayen yara, manhajojin lissafi na 'yan shekara 3 zuwa 5 sun cika Play Store, kowacce tana cewa ita ce gwana, amma da yawansu talla ce kawai aka yi wa kwalliya.

Ke za ki fara zama da ita, ba yaron ba. Ki sauke ta da daddare bayan sun yi barci, ki buga wasan da kanki kuma da gangan ki riƙa danna amsar da ba daidai ba ki ga me za ta yi. Mai kyau za ta koma ta ƙirga kayan tare da yaro ɗaya bayan ɗaya, ɗayar kuwa ƙara kawai za ta yi ta bar shi ya yi ta dannawa har ya dace, kinga wannan canki-canka ya koya.

Inda aka fi ruɗar mu shine waƙar ƙirga. Yaro ya rero wan tu tiri har ashirin ana ta tafi ana masha Allah, alhali hadda ce kawai. Ƙirga na gaskiya sai ya taɓa kowane abu sau ɗaya yana ba shi lamba ɗaya, sannan ya gane lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce yawan kayan gaba ɗaya. Don haka ki duba ko manhajar tana sa shi ya ja mangwaro 4 ya zuba a kwando, ko ya nuna tarin da ya fi yawa, ko ya ware siffofi. In rawa da balo-balo sun fi aikin yawa ki goge ta kawai.

Sai maganar talla. Ki danna alamar jirgin nan ki yanke intanet, in ta ƙi buɗewa toh duk zaman yaro datarki za ta sha. Ki duba ko tana da tambarin Teacher approved (wato malamai sun tantance ta) a Play Store, ki kuma saita wayar ta nemi lambar sirri kafin a sayi komai. Khan Academy Kids dai kyauta ce kuma babu talla, sai dai Turancin Amurka take yi, dole ki zauna kusa kina maimaita masa da Hausa. In kuma wajen masu tura abubuwa a waya za ki je a PZ da ke Zariya ko kasuwar Sabon Gari, ki faɗi sunan wadda kike so, kar a loda miki tarkace ya cinye memori, balle ƙaramar Itel.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2019 kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa 1 a rana gaban allon waya ko talabijin, har da katun ɗin da yake kallo fa, ba lissafin kaɗai ba.

Bayan sati biyu ki ajiye wayar, ki zube gyaɗa ko murafun kwalba a tabarma ki ce "Abba miƙo min biyar". In ya ƙirga ya tsaya a biyar, a ci gaba da ita. In ya damƙo cike da hannu ya miƙo, ki sauya wata.