Yadda Ake Gano Abin da Ke Yanke Wi-Fi a Kwamfutar Gida

Kafin ka kashe kuɗi kan sabuwar rauta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi a gida, gano inda layin ke katsewa tukuna. Lokacin da kwamfutar ta yanke, duba wayar da ke kan Wi-Fi ɗin. In waya tana aiki lafiya, kwamfutar ce ke da matsala. In ita ma ta tsaya, sai a koma kan rauta ko kamfanin intanet.

Don tabbatarwa, buɗe Command Prompt a Windows, rubuta ipconfig, ka kwafi lambar da ke gaban Default Gateway, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Wannan lambar ita ce adireshin rautarka. Rubuta ping, umarnin da ke gwada ko na'ura tana amsawa, sannan lambar, sannan -t. A wata tagar Command Prompt kuma rubuta ping 8.8.8.8 -t, wanda ke gwada wani adireshi da ke can intanet. In ta farko tana amsawa ba tsayawa amma ta biyu tana katsewa, matsalar daga waje take, kamfanin za ka kira.

A Legas, wuta ce abin zargi na farko. Duk sanda aka ɗauke ta aka koma janareta, rauta kan mutu, kuma tana ɗaukar minti ɗaya zuwa biyu kafin ta dawo daidai. Wuta mai rauni ma tana sa ta sake tashi da kanta, kai ba ka sani ba. Maganinsa ƙaramin UPS na rauta, wato batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, ana samunsa a Computer Village da ke Ikeja. Karanta rubutun da ke ƙasan rautarka kafin ka saya: yawancinsu 12V ne. Dole lambar V ta UPS ɗin ta zo daidai da ta rautar, ta A kuma kada ta gaza abin da aka rubuta. Adaftar wutar rauta da ta tsufa, ko wadda aka aro daga wata na'ura, tana jawo irin wannan yankewar, kuma ba a cika zarginta ba.

Sai cunkoso. A gidajen haya na Agege ko Idi-Araba, rautocin maƙwabta da yawa suna rububin zangon sigina na 2.4GHz. Shiga shafin rautar ta hanyar rubuta lambar nan ta Default Gateway a burauza, ka sa tasha 1, 6 ko 11, domin su ne ba sa hawa kan juna. Zangon 5GHz ya fi sarari, sai dai bangon siminti na rage masa ƙarfi sosai, don haka ya fi dacewa da ɗaki ɗaya. Ɗora rautar a sama, inda iska ke shiga, nesa da dikoda mai zafi. Rauta mai aiki da katin SIM kuwa, ajiye ta kusa da taga.

In kwamfutar ce, shiga Device Manager, buɗe Network adapters, zaɓi katin Wi-Fi, je Power Management, ka cire alamar da ke ba Windows damar kashe katin don tattalin batir. Sannan sauke direban katin, wato manhajar da ke sa shi aiki, daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. In duk da haka tana yankewa, gwada ƙaramin katin Wi-Fi na USB. Ya zauna daram, to katin ciki ne ko wayar eriyarsa ta kwance, sai mai gyara ya buɗe.