Yadda za ka zaɓi injin kofi mai niƙa da kansa don gida

1. Fara da abin da kuke sha a gidan. In baƙin kofi ne zalla, injin da ba shi da sashen madara ya wadatar. In kuwa ana son mai kumfar madara, nemi wanda tulun madararsa ke cirewa a sa a firji.

2. Duba maniƙar, domin ita ce ruhin injin. Akwai ta ƙarfe, akwai ta tangaran, kowacce tana aiki. Abin lura shi ne a iya daidaita laushin garin: in ya yi tsaki-tsaki, kofin zai fito salam da ɗan tsami, in ya yi laushi fiye da kima sai ya riƙa ɗiga yana ɗaci.

3. Kada lambar matsin ruwa ta ruɗe ka. Za ka ga an rubuta "bar" (ma'aunin matsin ruwa) 15 ko 19 a kwali, alhali esfireso, wato kofi mai kauri da injin ke matsowa, da kimanin "bar" 9 ake tace shi.

4. Nan ne nake so ka tsaya da kyau: wanki. Buɗe ƙofar gefe ka gani ko sashen da ke matse garin yana fita. A injunan kamfanonin De'Longhi da Philips ana zaro shi a ɗauraye a famfo, na Jura kuwa a kafe yake, sai dai a jefa ƙwayar wanki. Tambayi kuma yadda ake cire farin dattin da ruwa ke bari a bututu, don shi ke toshe inji.

5. Auna wurin da za ka ajiye shi, ka bar sarari a sama saboda zuba ƙwayoyin kofi. Ka guji masu maiƙo sosai, suna liƙe wa maniƙa.