Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen share rumbun PostgreSQL

Na gaji da ganin sabbin shiga suna kashe autovacuum, wato mai sharar da ke tashi da kansa, da zarar saba (kwamfutar da ke riƙe da rumbun) ta fara nishi. Don Allah ku bari. A PostgreSQL, manhajar rumbun adana bayanai, in ka goge layi a tebur ko ka sabunta shi, tsohon ba ya zuwa ko'ina, yana nan kwance matacce sai umarnin shara na VACUUM ya zo ya share gurbinsa a zuba sabo. Kashe autovacuum daidai yake da korar mai shara don tsintsiyarsa na tayar da ƙura. Tebur ya kumbura, bincike ya dinga jan ƙafa. Kuma ko ka kashe shi, ranar da tebur ya kai ma'amala (transaction, wato zagaye guda na aiki a rumbun) miliyan 200 ba a daskarar da tsofaffin layukansa ba, wato ba a yi musu alamar sun tabbata ba, autovacuum da kansa zai tashi, a lokacin da ba ka zaɓa ba.

Laifin nishin yawanci na saitin autovacuum_vacuum_scale_factor ne. Yana zuwa a 0.2, wato sai kashi 20 cikin ɗari na layuka sun mutu kafin a taɓa tebur. Mai layi miliyan 50 sai ya tara gawa miliyan 10! Ni kan manyan tebura kaɗai nake sauke shi zuwa 0.02 da ALTER TABLE, ƙanana in ƙyale su.

Wanda ya ƙona ni kuwa VACUUM FULL ne. Wata Litinin da hantsi na ga faifai ya kusa cika, na ce bari in matse babban teburinmu. Ashe kulle shi yake yi gaba ɗaya, ko karantawa ba a yi. Wayata ta ɗau ruri, masu karɓar kuɗi a bakin kanta sun yi cirko-cirko. Ga shi sabon kwafi yake rubutawa kafin ya yar da tsohon, sai faifan ya ƙarasa cika, aikin ya faɗi. Awa guda a banza, ga kunya. Tun daga ranar pg_repack, mai matse tebur ba tare da doguwar kullewa ba, nake amfani da shi, da tsakar dare, bayan na auna sararin da ya rage.

VACUUM na yau da kullum ba ya rage girman fayil sai in ƙarshensa ne ya zama fanko. Ba lalacewa ya yi ba, gurbin na nan don sabbin layuka.

Ma'amalar da aka buɗe aka manta tana hana shara, ka sa idle_in_transaction_session_timeout ya dinga yanke ta. Ƙara autovacuum_max_workers (yawan masu sharar) daga 3 ba tare da ɗaga autovacuum_vacuum_cost_limit (kason aikin da suke rabawa) ba, raba tuwo ɗaya ne ga baki da yawa. Teburin da ake yawan sabuntawa kuma, fillfactor 90 nake ba shi, wato a bar kashi 10 na kowane shafi fanko don sabuntawa.