Allurar garmaho da ƙurar hunturu

Jama'a, masu garmaho a cikinmu, tunda ƙurar hunturu ta kankama, ga 'yar shawara. In kun ji sauti ya dushe, kafin ku ɗora wa lasifika laifi ku leƙa bakin allura. Sau tari ƙura ce ta dunƙule a wurin kamar auduga.

Ku kashe na'urar, ku sami ɗan buroshi mai laushi, ku share allurar a hankali daga baya zuwa gaba, wato yadda faifai ke wucewa ƙarƙashinta. Ban da gefe da gefe, don siririn ƙarfen da ke riƙe da ita ba ya da wuyar lanƙwashewa. Yatsa kuwa ko kusa, maiƙon hannu ƙara kama datti yake yi. Ni dai ba na sa mata sifirit, yana iya sassauta gam ɗin da ya riƙe ɗan lu'ulu'un da ke bakin allurar.

Allurar lu'ulu'u takan yi awa 500 zuwa 1000 kafin ta cinye. Tsohon garmaho da ake wanawa da hannu kuwa, mai juyi 78 a minti ɗaya, allurarsa ta ƙarfe ce: fuska ɗaya ta faifai, a sake sabuwa. Faifan ma a goge shi kafin a ɗora.